Sallama a Ƙofar Shago

Idan watan azumi ya kwana goma, garuruwan ƙasar Hausa sukan ɗauki wani sauti da ba a jin irinsa a sauran watanni. Da an sha ruwa an sauko daga sallar asham, sai yara su fito ƙungiya-ƙungiya, wani ya manna gemun auduga, wani ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, wata ta ɗaura zanen uwarta ta yafa gyale, su bi gida-gida suna tashe. A waɗannan darare yaro yakan kwaikwayi malamin da ba ya iya haɗa ido da shi da rana, malamin kuma ya yi dariya har ya ba da sadaka. A birnin Kano, Nalako da jama'arsa sukan zagaya da gwauro a bainar jama'a ana yi masa tsiya, ba a kuwa taɓa jin an kai ƙara ba. Ashe tun kafin a san wani abu wai shi zauren wasan kwaikwayo, Bahaushe ya riga ya gano cewa maganar da ba ta faɗuwa a zaure tana faɗuwa a dandali, muddin an sa mata rigar wasa.

Akwai tashen da 'yan mata suke yi, wanda ake kira Mairama da Daudu. Yarinya ɗaya takan sa riga da hula ta zama miji, wata ta zama amarya, sauran kuma su kewaye su suna rera wa amaryar yadda za ta yi wa maigida hidima: ta kawo ruwa, ta kawo abinci, ta durƙusa. Na yi wannan tashe ina 'yar shekara tara, kuma na ji daɗinsa ƙwarai. Abin da na lura da shi bayan na girma shi ne, duk tsawon waƙar Mairama ake koya wa darasi. Daudu yana zaune ne a kan kujera yana karɓar hidima, ba wanda ya juya ya gaya masa yadda zai riƙe 'yar mutane. Wato dai wasa ya daɗe yana koya wa yaranmu matsayin namiji da matsayin mace, ko mun sani ko ba mu sani ba. Saboda haka duk wanda ya ce kada a shigar da maganar cin zarafin mata cikin wasan yara, ya makara. Maganar tana ciki tuntuni, abin da ya rage a tattauna shi ne wane darasi wasan zai ɗauka.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko wani nau'in azabtar da jiki tun daga shekara 15, kashi 9 kuma an taɓa cin zarafinsu ta hanyar lalata. Wani binciken na 2014 a kan yara ya gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma suna gamuwa da irin wannan cin zarafi kafin su cika shekara 18. Amma adadin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: a binciken 2018, kashi 55 cikin 100 na matan da abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ba. Fiye da rabi ke nan suka haɗiye.

Dalilin haɗiyewar yana nan cikin harshenmu, ga mai son ya saurara. Idan aka yi wa yarinya fyaɗe, sai a ce “an lalata ta”, kamar ita ce kayan da ya lalace, shi kuwa wanda ya aikata yana nan garau, gobe ma a ba shi aure. Idan miji ya fasa wa mace baki, sai a ce “ya ɗan taɓa lafiyarta”. Idan ta yi yaji, kalma ta farko da za ta tarar a ƙofar gidansu ita ce haƙuri. Idan uwa ta ce za ta kai ƙara, sai dattawa su ce a rufa asiri, alhali asirin da ake rufawa yawanci na mai laifi ne. Haƙuri da kunya da rufin asiri kyawawan ɗabi'u ne, da su aka gina mu, kuma ba na fatan ganin ranar da za mu rasa su. Sai dai an mayar da su murfin tukunyar da ke tafasa, kuma yarinya 'yar shekara goma sha uku aka ɗora wa aikin danne murfin.

Doka ta yi nata yunƙuri. A watan Mayun 2015 aka sa hannu kan dokar tarayya da ta haramta cin zarafin bil'adama, wadda ta tanadi hukunci har na ɗaurin rai-da-rai ga mai fyaɗe, ta kuma amince cewa namiji ma ana iya yi masa. A 2019 matasan Arewa suka fara fitowa a Twitter suna ba da labarin abin da ya same su. A watan Yunin 2020 gwamnonin jihohi suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, a Satumbar wannan shekara kuma jihar Kaduna ta tanadi dandaƙa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Duk wannan ci gaba ne. Amma alƙali ba ya zama sai an kawo ƙara, ƙara kuma ba ta zuwa sai bayan an yi ɓarna, in ma ta zo. Rigakafin kuwa, wanda kowa ya san ya fi magani, an bar wa tarukan wayar da kai, inda ake tara matasa a zaure mai sanyi, a karanta musu takarda, a raba lemo da kuɗin mota. Na halarci irin waɗannan da yawa. Kowa yakan gyaɗa kai, domin ba wanda zai miƙe ya ce shi yana goyon bayan fyaɗe. Da an fito kuma sai kowa ya koma inda yake, saboda ba a tambaye shi komai ba, ba a kuma sa shi ya gwada komai ba.

A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na ga wata hanyar. Can na karanta fannin wasan kwaikwayo, duk da cewa mahaifina ya daɗe yana gaya wa abokansa wai adabi nake karantawa, don kalmar “wasa” tana yi masa nauyi a baki. A cikin jami'ar akwai wani dandali da aka gina da jar ƙasa a tsakiyar shekarun 1970, mai kama da gidan Bahaushe da zaurukansa, wanda Ba'amurken mai zanen gini Steven Ehrlich ya tsara. A daidai wannan lokaci ne Michael Etherton, wanda ya zo daga Zambiya a 1975, shi da abokan aikinsa suka fara fitar da ɗalibai daga aji zuwa ƙauyuka. A 1977 aka yi Wasan Manoma a yankin Soba, daga baya aka je Maska da Bomo da unguwannin Samaru, malamai irin su Farfesa Oga Steve Abah kuma suka ɗore da aikin. Tsarin ba shi da wuyar faɗa, ko da yake yana da wuyar yi: ba ka zuwa wa mutane da rubutaccen wasa daga birni. Kana zama da su ne a gindin bishiya da bakin rijiya ka saurari abin da ke damun su, ku ƙulla labarin tare, a nuna a dandalin garin, sannan a zauna a yi muhawara.

A nan ne kuma na san Augusto Boal, mutumin Birazil wanda ya kira aikinsa wasan kwaikwayon waɗanda ake zalunta. A 1973, yana aiki a ƙasar Peru, 'yan wasansa suna nuna labarin wata mata da mijinta ya ci amanarta, suna karɓar shawara daga 'yan kallo kan abin da ya kamata matar ta yi. Wata mata daga cikin 'yan kallon ta ba da tata shawara, aka gwada, ta ce ba haka take nufi ba. Aka sake, ta ce har yanzu ba haka ba ne. Daga ƙarshe Boal ya ce ta hau dandalin ta nuna da kanta, ta kuwa hau. Daga wannan rana ya gane cewa ɗan kallo yana iya zama ɗan wasa, kuma dandali yana iya zama wurin da mutum zai yi gwajin abin da yake tsoron yi a zahiri, ya faɗi, ya tashi, ya sake, ba tare da an ji wa kowa ciwo ba.

Da wannan guzuri na tafi hidimar ƙasa, aka tura ni wata sakandaren jeka-ka-dawo ta maza da mata, a wani gari mai babbar kasuwa a Arewa maso Yamma. An ba ni darasin adabi, aka haɗa mini da ƙungiyar wasan kwaikwayo, wadda ta shekara uku ba ta yi taro ba. Ban tambayi ɗalibai abin da ya taɓa samun su ba, domin wannan tambaya ce da ba ta da amsa a gaban jama'a. Na ajiye kwalin sabulu a bayan aji, na huda samansa, na ce kowa ya rubuta wani abu da ya taɓa ji ko ya gani a unguwarsu game da yadda ake cutar 'yan mata ko samari, kada ya sa suna, nasa ko na wani. A mako biyu kwalin ya cika. Na karanta takardun ni kaɗai da daddare, kuma abin da ya fi maimaituwa a cikinsu bai shafi baƙo mai tsallaka katanga ba. Mai shago ne, da makwabci, da ɗan'uwan uba, da mai koyar da darasi, da saurayi. Kusan duka mutane ne da ake gaisawa da su kullum.

Daga waɗannan takardu muka haɗa labari ɗaya wanda ba na kowa ba ne. Ɗaliban suka raɗa wa yarinyar suna Talatu, saboda babu mai wannan suna a makarantar. Talatu tana tallar awara bayan an tashi daga makaranta. Akwai mai shago a bakin tasha da yakan saye kayanta gaba ɗaya, har ya bar mata canji. Uwarta tana murna, don farantin yana dawowa da wuri kuma da kuɗin ake cefane. Yayanta ya ga sabuwar waya a hannunta, ya zage ta, ya wuce majalisa. Wani mai a-daidaita-sahu yana ajiye kekensa a gaban shagon kullum, yana ganin shigarta da fitarta. Ranar da abin ya faru ba mu nuna komai ba: mai shago ya ce ta shigo ta karɓi kuɗinta, ta shiga, aka saki labule, farantin ya rage a waje. Fitowa ta ƙarshe a zauren mai unguwa ce, inda aka sasanta a kan kuɗi, aka yi fatiha, aka ce magana ta mutu. Talatu tana tsugune a gefe, ba wanda ya tambaye ta komai.

Mun nuna wasan a filin taron makaranta, minti ashirin kacal. Da aka gama, sai ɗalibar da muka naɗa sanƙira ta fito ta ce za a sake daga farko, amma wannan karon duk wanda ya ga wurin da za a iya hana abin faruwa ya ɗaga murya ya ce “Tsaya!”, ya zo ya karɓi matsayin ɗan wasa ya nuna mana. Sharaɗi ɗaya muka gindaya: ba a canjin Talatu, ba a canjin mai shago. A tsarin Boal na asali wanda ake zalunta ake maye gurbinsa, amma a wannan batu ina ganin hakan yana komawa ga tsohuwar tambayar nan da muke yi wa 'yan mata: me ya kai ki, me ya sa ba ki yi ihu ba? Canjin mai shago kuwa yaudarar kai ce, don azzalumi ba ya shiryuwa saboda 'yan kallo sun so. Waɗanda suka rage su ne uwa, da yaya, da mai keke, da mai unguwa, kuma yawancin mutanen da ke zaune a filin nan ɗaya daga cikin waɗannan za su zama a rayuwarsu.

Wanda ya fara cewa “Tsaya!” wani ƙaƙƙarfan yaro ne ɗan aji shida. Ya karɓi matsayin yaya, ya fizgi sanda ya nufi shagon. Fili ya kaure da tafi da sowa. Amma 'yan wasan sun san aikinsu, wato su bi kowace shawara har inda gaskiya za ta kai ta. Mai shago ya yi kururuwa, jama'a suka taru, 'yan sanda suka tafi da yayan, kafin magariba duk gari ya san sunan Talatu, uban kuma ya dake ta ya ce ta gama boko. Tafin ya mutu. Yaron ya tsaya da sandarsa a hannu, ya juyo ya ce mini: “To Malama, me ake so mutum ya yi?” Ban ba shi amsa ba. Wannan tambaya ita muka tara mutane don su yi wa kansu, kuma ban taɓa jin wani ya yi ta a taron lemo da kuɗin mota ba.

Sai wata yarinya ta karɓi matsayin uwa. Ta tare Talatu a tsakar gida ta ce: “Ke, uban wa ya ba ki wayar nan?” Talatu ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Ta sake, cikin faɗa, shirun ya ƙaru. 'Yan mata daga cikin 'yan kallo suka fara ce mata ta sassauta murya, ta bari sai dare, ta daina tsayuwa a kanta. A karo na huɗu ta zauna a tabarma, ta jawo kan Talatu kamar za ta yi mata tsifa, ta yi ta hira a kan ciniki, can ta ce: “Shi mai shagon nan, yana sa ki shiga ciki ne?” Wadda take wasan Talatu ta ɗago kai ta ce e. Ba mu shirya wannan da ita ba. Daga baya ta gaya mini cewa a nan ne kawai ta ji za ta iya amsawa.

Wanda ya fi burge ni shi ne wani siririn yaro da ban taɓa jin muryarsa a aji ba. Ya karɓi matsayin mai keke. Da aka saki labule, sai ya sauko ya je ƙofar shagon ya yi sallama. Mai shago ya ce yana zuwa. Ya sake sallama, ya ce sukari yake so na naira ɗari. Aka ce ya dawo an jima, ya ce shayinsa zai huce, zai jira. Ya yi ta rafka sallama har mai shago ya ɗaga labule cikin fushi, Talatu ta fito ta ɗauki farantinta. Bai zargi kowa ba, bai ɗaga hannu ba, bai ambaci sunanta ba. Yaron bai san cewa dabararsa tana da 'yan'uwa a duniya ba. A Afirka ta Kudu, a 1999, shirin talabijin na Soul City ya nuna makwabta suna fitowa suna buga tukwane idan sun ji ana dukan mace, daga baya aka ga mutane suna yin haka a unguwanninsu. A Indiya kuma, a 2008, an yi gangamin Bell Bajao, mai kiran maza su je su danna ƙararrawar gidan da ake duka, ko da da sunan aron wani abu ne. Mu ba mu da ƙararrawa a yawancin gidajenmu, amma muna da sallama, kuma al'ada ta wajabta a amsa ta.

A fitowar zauren mai unguwa, malamin addinin makarantar, dattijo mai furfura wanda na ɗauka zai fi kowa ƙin abin da muke yi, shi ya miƙe da kansa. Ya zauna a kujerar mai unguwa, aka turo masa kuɗin sasanci, ya mayar, ya ce a fara kai yarinya asibiti, sauran magana kuma ta hukuma ce. Da uban ya ce ana tona masa asiri, sai ya ce da shi: “Malam, asirin wa?”

Akwai abin da yake ba ni tsoro a irin wannan aiki, shi ne dariya. A gwajinmu na farko, duk lokacin da yaya ya ɗaga hannu zai mari Talatu sai samari su fashe da dariya. Ban ga laifinsu sosai ba, don sun taso suna kallon wasannin barkwanci inda mari da bulala su ne abin dariya. Idan aka bar abin haka, wasan da aka shirya don hana duka sai ya zama talla ga duka. Maganin da muka samu shi ne daskarar da fitowar: hannu yana sama, sanƙira ta tafa, kowa ya tsaya cak kamar gunki. Sai a bar hoton ya daɗe har ya fara damun mutane, sannan a tambayi 'yan kallo abin da kowane ɗan wasa yake faɗa a zuciyarsa. Dariya ba ta jure dogon kallo.

Wasa na biyu samarin ne suka ƙulla shi da kansu, a kan majalisa. Wani ya zo yana nuna wa abokai hotunan budurwar da ta rabu da shi, yana cewa in ba ta dawo ba zai watsa a WhatsApp. Tambayar ita ce wa zai ce masa a'a, kuma da wane baki. Duk wanda ya gwada da wa'azi, majalisa ta yi masa ihu ta kira shi ustaz ko mijin-ta-ce. Wanda ya ɗan yi nasara shi ne wanda ya ja shi gefe su biyu, bayan an watse. A nan na fahimci cewa yawancin samari ba mugunta ce take sa su yin shiru ba, tsoron zolayar abokai ne, kuma kowannensu yana zaton shi kaɗai ne abin yake damu. Da suka ga hannuwa nawa suka tashi a filin, lissafin ya canza.

Kwana uku bayan wasan Talatu, wata ɗaliba ta biyo ni bayan an tashi, ta ce: “Malama, in abin ya riga ya faru fa?” A nan iyakar wasan kwaikwayo take. Maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shan sa cikin awa 72. Akwai cibiyoyin da aka kafa domin irin waɗannan mutane, kamar Waraka a Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato, amma tsakanin yarinyar ƙauye da irin waɗannan wurare akwai kuɗin mota, da izinin uba, da idon gari. Mun yi sa'a tun kafin mu nuna wasan mun yi magana da wata malama mai shekaru da wata ma'aikaciyar jinya a asibitin garin, su suka karɓi yarinyar daga hannuna. Ra'ayina a nan mai tsauri ne: wanda bai tanadi inda zai kai mai rauni ba, kada ya nuna irin wannan wasa, domin buɗe gyambo ba tare da magani a hannu ba zalunci ne na biyu. Haka kuma ba a sa wadda abin ya sama ta fito ta kwaikwayi labarinta don a burge manyan baƙi.

Ina kuma shakkar wasan shekara-shekara. Daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, kwanaki 16 da duniya ta ware don wannan yaƙi, ƙungiyoyi sukan cika makarantu da riguna da kyamarori, a yi wasa, a ɗauki hoto, sai baɗi. Ƙungiyar Jana Sanskriti ta Bengal ta Yamma a Indiya, wadda ta fara aiki a 1985, takan koma ƙauye ɗaya da wasa ɗaya sau da yawa, kuma 'yan wasanta mutanen ƙauyukan ne. Ɗabi'ar da aka shekara goma sha biyar ana dasawa ba ta tumɓukuwa da yammaci ɗaya.

Iyaye da yawa suna ƙyamar ganin 'yarsu a dandali, kuma ban ɗauki wannan a matsayin jahilci ba. Suna tsoron abin da za a ce, suna kuma tsoron mutanen da ke fakewa da harkar fim su cuci yara, tsoron kuwa yana da tushe. Abin da nake gaya musu shi ne hanyar ba baƙuwa ba ce. Malam Aminu Kano ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, yana sukar zalunci da cuta. Uwar Gulma na Alhaji Muhammadu Sada, wanda iyayenmu suka karanta a makaranta, a kan matar da mijinta yake wulaƙantawa aka gina shi. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta mayar da wannan ciwo littattafai irin su Wa Zai Auri Jahila? Tun kafin su duka, Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajis ɗinta ƙauyuka da waƙoƙi don ilmantar da mata a cikin gidajensu. Inda haɗa maza da mata ba zai karɓu ba, sai a raba. Mun maimaita wasan Talatu a tsakar gidan wata ungozoma, mata zalla, 'yan mata suka sa hula suka fito a maza kamar yadda ake yi a tashe, kuma muhawarar da aka yi a can ta fi ta makaranta zafi, don a nan ne iyaye mata suka kawo maganar da mu ba mu taɓo ba: in an hana talla, da me za a ci abinci? Aka daɗe a kan wannan, har aka tsaya a kan cewa yara su riƙa fita bibbiyu, kuma kuɗi a bakin ƙofa ake karɓa.

Cikin takardun kwalin nan akwai guda uku da ba mu yi wasa a kansu ba, domin samari ne suka rubuta su a kan abin da aka yi wa yara maza. Da na kawo maganar a taron ƙungiya, ba wanda ya yarda ya fito a matsayin yaron, ko da an canza suna, ko da an rufe fuska. Wa'adin hidimata ya ƙare muna kan wannan. Malamar da ta karɓi ƙungiyar ta gaya mini a waya cewa sun yanke shawarar yin sa a matsayin wasan rediyo: za su naɗi muryoyin a waya, su sa a lasifikar makaranta ranar Laraba, lokacin taron ƙungiyoyi, yadda ba wanda zai ga fuskar kowa. Yara huɗu sun ba da sunansu.